ATANASIYUS NA ISKANDARIYA: MAKIYAYIN DA AKA KORA SAU BIYAR

Abin karantawa: Yohanna 1:1-18, Kolosiyawa 1:15-20, Ibraniyawa 1:1-14.
Ayar haddacewa: Yahuda aya 3.

'Yan'uwa masu bi, a wannan wata za mu duba labarin wani bawan Allah wanda ya yi zamani a ƙasar Masar, shekara fiye da 1,600 ke nan da suka wuce. Sunansa Atanasiyus. Shi ne babban bishop na birnin Iskandariya, watau shugaban da ke kula da ikkilisiyoyin Masar da na Libiya duka. Ya riƙe wannan aiki shekara 45, daga 328 har mutuwarsa a 373. Cikin waɗannan shekaru sarakunan Rum guda huɗu suka kore shi daga garinsa har sau biyar. In an tara kwanakin da ya yi a kore, sun kai wajen shekara 17.

Me ya yi har aka dinga korarsa haka? Ƙararrakin da aka kai a kansa suna da yawa, za mu ji waɗansunsu. Amma gindin maganar tambaya ɗaya ce: Yesu Kristi, shi wane ne? Allah ne na gaskiya, ko kuwa wani ne mafi girma cikin abin da Allah ya halitta? Atanasiyus ya gane ceton mutum ya dangana ga amsar wannan tambaya. Ya yarda ya rasa kujerarsa da gidansa da yardar sarki, amma bai yarda a sake wannan amsa ba.

1. YARO CIKIN KWANAKIN TSANANI

Iskandariya tana bakin Bahar Rum, kusa da inda kogin Nilu ya ke shiga teku. Babban birni ne na ciniki da masana da littattafai. Daga tasharta jirage su ke ɗiban alkamar Masar su kai wa manyan biranen Rumawa. Afolos, mutumin nan mai iya magana wanda mu ke karantawa a Ayyukan Manzanni 18:24, ɗan garin ne. Kiristan Masar kuma suna riƙe da cewa Markus mai rubuta Bishara shi ne ya fara kafa ikkilisiya a can.

A nan aka haifi Atanasiyus tsakanin 296 da 298. Yana ƙaramin yaro, a 303, Kaisar Diyokletiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. Daga baya aka tilasta wa kowa ya miƙa hadaya ga gumaka. Tsananin ya yi zafi ƙwarai a Masar. Aka kashe waɗansu masu bi, waɗansu kuma aka ƙwaƙule musu ido ɗaya aka aika da su aikin bauta a ramukan haƙar ma'adini. A 311 aka fille kan Bitrus, bishop na Iskandariya. Sa'an nan Atanasiyus saurayi ne ɗan shekara kamar 14. Ya girma a tsakanin mutanen da suka ba da jininsu saboda sunan Yesu. Wanda ya tashi haka ba zai ɗauki maganar ko Yesu wane ne kamar gardamar zaure ba.

A 313 sarki Kustantin da abokin mulkinsa Likiniyus suka ba Kirista izini su yi sujada a sarari. Ikkilisiya ta sami sauƙi. Mutanen dā suna ba da labari, wai wata rana sabon bishop, mai suna Iskandari, ya hango yara a bakin teku suna wasan yin baftisma, ɗaya daga cikinsu yana yin kamar shi ne bishop. Da ya kira su ya tambaye su, sai ya tarar yaron nan ya faɗi kalmomin baftisma daidai. Yaron kuwa Atanasiyus ne. Ko yaya aka yi, Iskandari ya ɗauke shi a gidansa. Ya koyi Littafi Mai Tsarki har ya zauna masa a ka, ya zama dikon, ya kuma zama magatakardan bishop.

2. KOYARWAR ARIYUS

Wajen shekara ta 318 wata gardama ta tashi a garin. Akwai wani dattijon ikkilisiya, mutumin Libiya, sunansa Ariyus, yana kula da wata majami'a a Iskandariya. Mutum ne mai ilimi da kamun kai, mai daɗin baki, jama'a suna ganin girmansa. Ga abin da ya ke koyarwa. Ya ce Allah ɗaya ne, ba shi da mafari. Kowane ɗa kuwa, ubansa ya riga shi. To, in Yesu Ɗa ne, ashe akwai sa'ad da babu shi. Allah ne ya halicce shi tun kafin kome, ta wurinsa kuma ya yi sauran abubuwa. Yana da girma gaba da mala'iku duka, amma ba daidai ya ke da Uba ba.

Ariyus bai yi maganarsa ba tare da ayoyi ba. Shi da mutanensa sukan kawo Karin Magana 8:22, da Yohanna 14:28, da Markus 13:32. Ya kuma sa koyarwarsa cikin waƙoƙi masu sauƙin riƙewa, har matuƙan jirgi da masu niƙa da matafiya suna rera su a bakin aiki. Mu lura da wannan, 'yan'uwa. Koyarwar da ta fi wahalar da ikkilisiya ba daga masu bautar gumaka ta fito ba. Daga cikin gida ta fito, da Littafi a hannu, da murya mai daɗi.

Bishop Iskandari ya tara bishop-bishop na Masar da Libiya, suka fitar da Ariyus daga zumunta. Amma Ariyus ya sami magoya baya cikin manyan shugabanni a Falasdinu da Asiya Ƙarama, wutar ta bazu ko'ina a gabas.

3. DON ME MAGANAR TA KE DA NAUYI?

Wataƙila wani ya ce, Ai dukansu suna ƙaunar Yesu, mene ne na faɗa a kan kalmomi? Sarki Kustantin ma haka ya gani da fari, har ya rubuta wa Iskandari da Ariyus ya ce su bar gardama a kan ƙaramin abu. Amma Atanasiyus, cikin littattafan da ya rubuta dukan kwanakinsa, ya nuna abin ba ƙarami ba ne. Ga dalilansa a taƙaice.

Na fari, maganar ceto. Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, zunubi ya ɓata kamannin, mutuwa ta sami iko. Cikin littafinsa a kan zaman Kalma mutum, ya ba da misali da hoton da aka zana a kan katako, ƙazanta ta ɓata shi. Mai zane ba ya jefar da katakon. Sai mai hoton da kansa ya zo ya zauna, a sake zana shi. Haka nan ba mala'ika, ba wani halittacce da zai iya sabunta kamannin Allah a cikin mutum, sai shi wanda shi ne ainihin surar Allah. Halittacce kansa aron rai ya ke yi. Wanda ke aro kuwa, ina zai sami na ba wani har abada?

Na biyu, maganar sujada. Ikkilisiya tana yi wa Yesu sujada tun daga kwanakin manzanni, tana kuma yin baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Masu shahada sun mutu domin sun ƙi yi wa halitta sujada. To, in Yesu halitta ne, ashe mun bar waɗansu gumaka mun kama wani ke nan.

Na uku, maganar ma'anar sunan nan Ɗa. Atanasiyus ya gargaɗi mutane kada su auna Allah da mudun ɗan adam. Allah ba shi da jiki, ba ya aure, ba ya jiran shekaru kafin ya zama Uba. Abin da sunan ya ke koya mana shi ne bambanci tsakanin abin da aka ƙera da wanda ya ke daga ainihin mutum. Maƙeri ya ƙera fartanya, amma fartanya ba irin maƙeri ba ce. Ɗansa kuwa mutum ne kamarsa. Ya kan kawo Ibraniyawa 1:3, ya ba da misali da rana da haskenta: ba a taɓa samun rana ba tare da haskenta ba. Ayoyin da suka nuna Yesu yana gajiya, yana jin yunwa, yana ƙasƙantar da kansa, suna magana ne a kan jikin da ya ɗauka dominmu, kamar yadda Filibiyawa 2:5-11 ta nuna.

4. TARON NIKIYA

Da sarki ya ga gardamar ta ƙi kwanciya, sai ya kira babban taro a 325 a garin Nikiya, wanda a ke kira Iznik yanzu a ƙasar Turkiyya. Bishop wajen 300 suka hallara, yawancinsu daga gabas. Waɗansu cikinsu suna ɗauke da tabon tsananin da ya wuce a jikinsu. Atanasiyus ya raka ubangidansa Iskandari, shi kuwa dikon ne kawai tukuna.

Aka sha wahala wajen samun kalmomi, gama kowace ayar da aka kawo, mutanen Ariyus sukan yarda da ita su ba ta tasu ma'ana. Daga bisani taron ya rubuta shaidar bangaskiya da wata kalmar Helenanci wadda ba ta da wurin zamewa. Ma'anarta ita ce, zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne, shi Allah ne na gaskiya, ba halittarsa aka yi ba. Bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu aka fara. Waɗansu sun sa hannu da alƙalami, amma zuciyarsu ba ta sa ba.

5. KORA TA FARI

Iskandari ya rasu a watan Afrilu na 328. Ran 8 ga Yuni aka naɗa Atanasiyus a gurbinsa, yana da shekara kamar 30. Ba da daɗewa ba sarki Kustantin, wanda abin da ya fi so shi ne zaman lafiyar mulkinsa, ya aiko masa ya karɓi Ariyus cikin zumunta. Atanasiyus ya ƙi.

Yana da waɗansu abokan gāba kuma a cikin gida. Tun kwanakin tsanani wani bishop mai suna Melitiyus ya tsaga ikkilisiyar Masar, yana cewa an yi sassauci da yawa ga waɗanda suka yi musun Ubangiji sa'an nan suka tuba. Mutanen Melitiyus suka haɗa kai da abokan Ariyus, suka kai ƙara. A 335 aka kira Atanasiyus gaban taron bishop-bishop a Taya. Cikin ƙararrakin akwai cewa wani dattijo da ya aika ya fasa ƙoƙon Jibin Ubangiji na wani mutum. Akwai kuma wadda ta fi muni, wai ya kashe wani bishop mai suna Arseniyus, ya yanke hannunsa domin tsafi. Har suna yawo da busasshen hannu cikin akwati. Amma mutanen Atanasiyus sun riga sun gano Arseniyus a ɓoye, da ransa. Masu tarihin dā sun ce ya shigo da shi gaban taron a lulluɓe, ya buɗe hannunsa ɗaya, ya buɗe na biyu, sa'an nan ya tambaye su inda aka yanko na ukun. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Duk da haka taron ya tuɓe shi. Ya shiga jirgi ya tafi Kustantiniya, watau Istanbul ta yau, ya kai kuka wurin sarki. Abokan gāba suka biyo shi da sabuwar ƙara, wai ya ce zai hana jiragen alkama tashi daga Iskandariya. Babu sarkin da zai ji an taɓa abincin babban birninsa ya yi shiru. Kustantin ya kore shi zuwa Tirir, can arewa mai sanyi, a ƙasar Jamus ta yau. Ariyus ya mutu a 336, Kustantin kuma a 337, sa'an nan Atanasiyus ya komo gida.

6. DARE A MAJAMI'AR TIYONAS

Bai daɗe ba. Kustantiyus ɗan Kustantin, wanda ya gāji gabas, yana goyon bayan masu ƙin Nikiya. A 339 aka kawo wani baƙo mai suna Giregori da ƙarfin soja aka ɗora shi a kujerar Iskandariya. Atanasiyus ya gudu zuwa Roma, inda bishop Yuliyus ya karɓe shi, ya bincika ƙararrakin, ya ce ba shi da laifi. Shekara 7 ya yi a yamma. Da taimakon Kustans, ƙanen Kustantiyus mai mulkin yamma, ya komo a watan Oktoba na 346. Jama'a suka fita nesa da gari suka tarye shi da murna. Ya sami shekara 10 yana kiwon garkensa, yana zaga ikkilisiyoyi, yana kula da gwauraye da marayu.

Amma aka kashe Kustans a 350, daga baya Kustantiyus ya haɗa mulkin duka a hannunsa. Ya tara bishop-bishop na yamma a 353 da 355, ya matsa musu su sa hannu a kan tuɓe Atanasiyus. Wanda ya ƙi, a kore shi.

Ran 8 ga Fabrairu 356, da dare, Atanasiyus yana tare da jama'a a majami'ar Tiyonas suna kwanan addu'a. Sai wani shugaban yaƙi mai suna Siriyanus ya kewaye majami'ar da soja wajen 5,000. Atanasiyus da kansa ya rubuta abin da ya faru. Ya ga bai kamata ya bar jama'a cikin hargitsi ya tsere ba. Sai ya zauna a kujerarsa, ya ce wa dikon ya karanta Zabura 136, jama'a suna amsawa da ƙarshen kowace aya, wanda ke shaida madawwamiyar jinƙan Allah, sa'an nan kowa ya tafi gida. Soja suka fasa ƙofofi suka shiga. Ma'aikata suka roƙe shi ya fita, ya ce sai jama'a sun fita tukuna. Da yawanci suka fita, sai waɗansu masu zuhudu da ma'aikata suka janye shi, suka ratsa ta tsakiyar soja ba wanda ya gane shi. An rasa rayuka a daren nan.

7. SHEKARA SHIDA A ƁOYE

Daga 356 zuwa 362 ba a san inda ya ke ba. Masu zuhudu, watau mutanen da suka rabu da gari suka zauna a hamada domin addu'a da azumi, su suka ɓoye shi, suna kai shi daga wannan wuri zuwa wancan. 'Yan sarki suka yi ta nema, ba wanda ya bashe shi. A wannan lokaci manyan mutane suka karaya. Hosiyus na ƙasar Sifen, tsoho mai shekara kusan 100 wanda ya yi gaba a taron Nikiya, an matsa masa har ya sa hannu a wata takardar da ta saɓa wa Nikiya. Liberiyus bishop na Roma, bayan ya sha kora, ya yarda ya rabu da Atanasiyus. Shi ya sa mutanen baya su ke cewa Atanasiyus ya tsaya shi kaɗai gāba da duniya. Amma gaskiyar ita ce, talakawan ikkilisiyar Masar da masu zuhudu suna bayansa, ba su taɓa karɓar baƙon da aka ɗora musu ba.

Abokan gāba suka ce matsoraci ne, ya bar tumaki ya gudu. Ya amsa musu da ɗan littafi. Ya tuna musu Yakubu ya gudu daga Isuwa, Musa daga Fir'auna, Dauda daga Shawulu, Iliya daga Yezebel, an kuma zurara Bulus cikin kwando. Ubangiji kansa an gudu da shi Masar yana jariri, ya kuma umarci almajiransa a Matiyu 10:23 su bar garin da a ke tsananta musu. Bawan Allah ba ya jefa kansa ga mutuwa, ba ya kuma ƙinta sa'ad da lokacin Allah ya yi.

Daga maɓoyarsa alƙalaminsa bai huta ba. Ya rubuta wasiƙu zuwa ga abokinsa bishop Serafiyon yana nuna Ruhu Mai Tsarki shi ma Allah ne. Ya rubuta labarin Antoni, tsohon mai zuhudu wanda ya rasu a 356. Aka juya littafin zuwa Latin, ya zaga ƙasashe. A 386 wani malami mutumin Afirka ta Arewa, Agustin, ya ji labarin Antoni a birnin Milan, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai shi ga tuba.

Aikinsa ya kai har ƙasar Habasha. Wani mutumin Taya mai suna Furumentiyus, wanda aka kama yana yaro a bakin Bahar Maliya aka kai shi fadar Aksum, ya zo Iskandariya yana roƙo a aika wa masu bi na can da makiyayi. Atanasiyus ya naɗa shi bishop ya mai da shi. Sarki Ezana na Aksum ya ba da gaskiya, har aka buga gicciye a kan kuɗinsa. Sa'ad da Atanasiyus ya ke ɓoye, Kustantiyus ya rubuta wa sarakunan Aksum su aiko da Furumentiyus a sake jarraba shi. Daga wannan zamani har zuwa 1959, ikkilisiyar Habasha tana ƙarƙashin ikkilisiyar Masar.

8. TSUFANSA

Kustantiyus ya mutu a 361. Yuliyan ya hau, mutumin da ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka. Ya bar korarrun bishop duka su komo. Atanasiyus ya komo a Fabrairu na 362, ya kira taro a Iskandariya. A nan mu ke ganin wani hali nasa wanda ba a cika faɗa ba. Akwai ƙungiya biyu na masu bi da ke zargin juna. Waɗansu suna ƙarfafa ɗayantakar Allah, waɗansu suna ƙarfafa cewa Uba da Ɗa da Ruhu uku ne, kowa kuwa yana ganin ɗan'uwansa ya kauce. Aka tambayi kowane ɓangare abin da ya ke nufi da kalmominsa. Sai aka tarar bangaskiyarsu ɗaya ce, bakin ne ya bambanta. Taron ya ce a karɓi juna, a daina faɗa a kan kalma. Waɗanda kuma suka sa hannu a takardun ɓata saboda tsoro, in sun shaida bangaskiyar Nikiya a karɓe su. Mutumin da ya ƙi sarki a kan gaskiya, shi ne ya ƙi raba 'yan'uwa a kan lafazi.

Cikin wannan shekara Yuliyan ya kore shi, kora ta huɗu ke nan. An ce ya ta'azantar da masu kuka, ya kwatanta abin da ɗan girgije mai wucewa. An kuma ce 'yan sarki sun bi shi a jirgi cikin Nilu, sai ya sa aka juya nasa jirgin ya nufo su. Suka tambaya ko an ga Atanasiyus, aka amsa musu ba shi da nisa, suka wuce da sauri. Yuliyan ya mutu a yaƙin Farisa a 363, girgijen ya wuce. Kora ta biyar a zamanin sarki Falens ce, daga Oktoba 365 zuwa Fabrairu 366, wata huɗu. Sarki ya ji tsoron tawayen jama'a, ya bar shi ya komo.

Al'adar bishop na Iskandariya ce kowace shekara ya rubuta wa ikkilisiyoyi wasiƙa ya sanar da ranar Idin Tashin Ubangiji. Cikin wasiƙarsa ta 367, da ya ga waɗansu suna ruɗin marasa ilimi da littattafan ƙarya masu ɗauke da sunayen tsarkaka, sai ya jera littattafan da ikkilisiya ta karɓa. Wannan ita ce takarda mafi daɗewa da ta iso gare mu wadda ta jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda su ke a hannunmu, daga Matiyu har Ru'ya ta Yohanna. Ba shi ya zaɓe su ba, shaida ya yi ga abin da ikkilisiyoyi su ke karantawa tun dā.

Ya rasu a gidansa a Iskandariya ran 2 ga Mayu 373. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Shekara 8 bayan mutuwarsa, a 381, babban taro a Kustantiniya ya tabbatar da bangaskiyar Nikiya, ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Ita ce shaidar bangaskiyar da ikkilisiyoyi da yawa su ke faɗa a sujada har wa yau. Akwai wata shaidar bangaskiya kuma da a ke kira da sunan Atanasiyus, amma ba shi ya rubuta ta ba, da Latin aka rubuta ta bayan zamaninsa. Ikkilisiyoyi da dama suna kiransa waliyyi, waɗansu suna tunawa da shi ran 2 ga Mayu.

9. ABIN KOYI

Kada mu ɗauka mutum ne marar aibi. Harshensa yana da kaifi, ya kira abokan gardamarsa da sunaye masu zafi, ya kuma laƙaba wa dukansu sunan Ariyus, ko da ya ke da yawa cikinsu sun ce su ba almajiran Ariyus ba ne. An kuma tono wata tsohuwar wasiƙa a Masar, aka buga ta a 1924, inda wani mutumin Melitiyus ya ke kukan yadda magoya bayan Atanasiyus suka duke su. Gaskiyar koyarwa ba ta wanke duka. Mu ɗauki abin kirki, mu bar wannan.

(a) Mu san wanda mu ke ba da gaskiya gare shi. Wanda bai san dalilin bangaskiyarsa ba, waƙa mai daɗi ta isa ta ɗauke shi. Mu riƙa auna abin da mu ke ji da abin da mu ke rerawa da dukan Littafi, ba da aya ɗaya da aka tsinko ba.

(b) Mu rarrabe ginshiƙi da ado. Atanasiyus ya sha kora sau biyar saboda Allahntakar Kristi, amma ya sulhunta waɗanda kalma kaɗai ta raba. Sau da yawa mu akasin haka mu ke yi. Mukan tsaga ikkilisiya a kan kujera da kuɗi da kabila, mu yi shiru sa'ad da a ke rage darajar Ubangiji.

(c) Yardar mai mulki ba ita ce ma'aunin gaskiya ba. Sarki huɗu suka kore shi, uku cikinsu suna amsa sunan Kirista. Mu girmama masu mulki, mu yi musu addu'a, amma fada ba ta rubuta wa ikkilisiya bangaskiyarta.

(d) Makiyayi ba ya tsayawa shi kaɗai. Da ba domin dikon da ya karanta Zabura ba, da ma'aikatan da suka janye shi, da mutanen hamada da suka rufa asirinsa shekara shida, da labarin ya ƙare tun a 356. Kai da ba ka da kujera a ikkilisiya, kana da rabo cikin tsaron bangaskiya.

TAMBAYOYI

1. Mene ne Ariyus ya koyar? Waɗanne ayoyi ya dogara gare su, yaya kuma za ka bayyana su tare da Filibiyawa 2:5-11?
2. Faɗi dalilai uku da suka sa Atanasiyus ya ce in Yesu halitta ne ba mu da ceto.
3. In maƙwabcinka ya tambaye ka ma'anar sunan nan Ɗan Allah, yaya za ka amsa masa da ladabi da gaskiya?
4. Yaushe ya kamata ma'aikaci ya tsaya tare da jama'a cikin hatsari, yaushe kuma ya kamata ya kauce? Gwada Matiyu 10:23 da Yohanna 10:11-13.
5. A cikin gardandamin da kuka sani a ikkilisiyarku, waɗanne ne na ginshiƙi, waɗanne ne na kalma kawai?

Bari Ubangiji Yesu Kristi, wanda ya zama mutum domin cetonmu, ya ba mu ƙarfin zuciya mu riƙe gaskiyarsa, ya kuma ba mu tawali'u mu riƙe 'yan'uwanmu. Amin.